Dokin Mai Baki Ya Fi Gudu

Kafin in shiga maganar da ta kawo ni, bari in fara tona wa kaina asiri, don kada wani ya zaci wata saliha ce mai shiru-shiru ta zo kai kukanta. Ni mai surutu ce. Tun ina firamare ba a rasa sunana a takardar masu surutu, kakata kuwa, Allah Ya ji ƙanta, Aku take kirana. In na shiga mota daga Bata zuwa Kabuga, kafin a sauke ni na san garin matar da ke kusa da ni, da yawan 'ya'yanta, da ciwon da ke damun mijinta. To kun ji. Abin da zan faɗa a nan shaida ce, kuma a kan irina zan ba da ita.

Tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya ita ce: mutum biyu suna aiki a wuri guda, ɗaya aikinsa ya fi bakinsa, ɗaya bakinsa ya fi aikinsa, me ya sa kusan kullum mai bakin ne a gaba? In kuwa haka ta faru, wa za a kama da laifi?

A shekarar 2014 na sami aikin buga takardu a wani kamfani mai dillancin kayan masarufi a nan Kano, irin su sukari da madara da taliya da man girki. Ba zan kama sunan kamfanin ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba. Mu goma sha huɗu ne a ofis, ban da direbobi da 'yan dako. A cikinmu akwai wata baiwar Allah da ke riƙe da littafin sito, wato duk kwalin da ya shiga da wanda ya fita sai ya bi ta alƙalaminta. Ta girme ni da kamar shekara goma. A gaban idonta Yaya nake ce mata, a bayan idonta kuwa, Allah Ya yafe mini, Miskila muke kiranta. Shekararta tara a wurin lokacin da na zo.

Kafin ƙarfe takwas ta iso. Za ta bi kowa ta gaishe shi, gaisuwa cikakkiya amma sau ɗaya, sannan ta shige ɗan ɗakinta da ke bakin sito, shi ke nan ba ka sake jin ta ba. In an yi azahar mu mukan haɗu mu baje kuloli ana ci ana gulma, ita kuwa a kan teburinta take cin nata. In ana suna ko biki a gidan wani daga cikinmu, da sassafe take zuwa, ta yi barka, ta ajiye gudunmawarta, kafin gida ya cika ta sulale. Ba ta taɓa faɗa da kowa ba. Duk da haka in ka tambaye mu sai mu ce wai tana jin kanta, wani ma ya ce irin su ne lumbu-lumbu wutar ƙaiƙayi.

Akwai kuma wani saurayi a sashen ciniki, Gidan Rediyo muke ce masa. Tun daga bakin ƙofa za ka ji sallamarsa. Ya tsokani maigadi, ya yaba hular manaja, ya tambayi masinja jikin tsohuwarsa. Kada ku ɗauka zan zage shi, yaron kirki ne, kuma in bai zo aiki ba ofis ɗin kamar gidan makoki. Ni da shi muka fi shiri, da ma sai hali ya zo ɗaya ake abota. Wata takwas da zuwana aka ƙara mini naira dubu biyar a kan albashina. Daga baya na gane Yaya ta shekara uku ba a ƙara mata ko sisi ba.

Wata ranar Alhamis muna idar da sallah, Yaya ta kira Gidan Rediyo a gabana, ta miƙa masa wata 'yar takarda. Ta ce ta lura 'yan dako in sun sauke sabuwar madara a gaba suke jibge ta, tsohuwar tana can baya ba a taɓa ta, ta shiga ta duba kwali-kwali, ta ga akwai wajen ɗari huɗu da wa'adinsu zai ƙare nan da wata biyu. Ta ce, "Don Allah ka fara fitar da waɗannan." Iyakar maganarta ke nan. Duk wanda ya san harkar ya san abin da wannan ke nufi: madarar da wa'adinta ya wuce ba ta sayuwa, in kuwa hukumar NAFDAC ta same ta a sito, ga asara ga abin kunya.

Ranar Litinin aka zauna mitin kamar yadda aka saba, kuma aka yi dace Alhaji mai kamfanin ya zo da kansa. Manaja bai gama cewa "akwai mai magana?" ba, Gidan Rediyo ya miƙe. Da "mun gano" ya fara, kafin ya kai tsakiya ta koma "da na duba", ya kawo lissafi, ya kawo dabarar rage farashi kaɗan a tura wa masu shaguna. Wallahi ban ce da gangan ya yi ba, mai surutu in ya ɗauko zance har shi kansa yarda yake yi da abin da yake faɗa, na san wannan ciwon domin ina da shi. Alhaji ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla da kai." Na waiwaya na dubi Yaya, tana can kujerar ƙarshe, idonta a kan littafinta.

Ni fa ina wurin aka miƙa takardar nan. Kalma biyar ta isa: "Ranka ya daɗe, Yaya ce." Ni Aku, wadda ba a taɓa yin mitin ban tofa albarkacin bakina ba, ranar da bakin zai yi amfani sai na haɗiye shi. Ban so in ɓata da abokin hirata, ban kuma so a ce yarinyar nan ta cika shisshigi a gaban Alhaji. A ranar na san shiru iri biyu ne. Nata hali ne da aka halicce ta da shi, nawa kuwa tsoro ne tsagwaronsa.

Gaskiya ɗaya ce, cikin sati uku yaron nan ya sayar da madarar kaf, ya bi masu shaguna ɗaya bayan ɗaya da daɗin bakinsa, abin da Yaya ba za ta iya ba ko za a ba ta shekara. Idonta da bakinsa ne suka haɗu suka ceci dukiyar. Amma da aka tashi rabo, shi aka mai da shugaban sashen ciniki, ni ce ma na buga takardar. Ni ce kuma na buga rahoton ƙarshen shekara, inda manaja ya rubuta a kan Yaya cewa aikinta ba laifi, sai dai ba ta shiga jama'a kuma ba ta da kuzari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, 'yar uwa mai karatu, shi ne mu ne fa muke rainon irin su Yaya da hannunmu. Tun yarinya tana ƙarama ake ce mata kada ki ɗaga murya, kada ki dubi babba ido cikin ido, in manya na magana ki yi shiru, yabon kai jahilci ne, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In ta ɗauka sai a ce ga 'ya mai kunya, mai kawaici, gidan da ya same ta ya dace. Ran da ta je neman aiki kuwa, tambayar farko da za a yi mata a intabiyu ita ce ta faɗi abin da ta fi kowa iyawa. Abin da aka shekara ashirin ana kwaɓarta a kai, shi ake so ta yi cikin minti biyar, in ta kasa a ce ba ta waye ba. In kuma irina ce mai baki, a yi dariya da ita a ofis, a ƙara mata albashi, tana juya baya a ce idonta a tsaye yake. Na sha jin wannan a kaina. Mace dai ko ta ina ta ɓullo akwai sunan da ke jiranta.

Ga kuma wani abin. Shi Alhajin namu ai ya fi Yaya shiru. In ya zo ofis da ƙyar zai yi jimla uku, amma ban taɓa jin wanda ya ce masa miskili ba, cewa ake yi Alhaji akwai kwarjini. Ku dubi fada ma, Sarki yana zaune amawali ya rufe bakinsa, dogarai ne ke ɗaga murya suna cewa Sarki ya gaishe ku, ba wanda ya ce Sarki ba shi da kuzari. Ashe ba shirun muke ƙi ba. Shirun na ƙasa da mu ne ba ma so, domin mun saba na ƙasa ya zo ya yi mana hira, ya yi dariyar barkwancinmu ko ba daɗi, ya nuna mana muna da muhimmanci. Wanda bai yi haka ba sai mu ji kamar ya hana mu wani haƙƙi, alhali ba a rubuta fadanci a takardar ɗaukarsa aiki ba.

Na zaci ciwon namu ne mu kaɗai, ashe har ƙasashen Turawa yana nan, sun ma daɗe da yi masa suna. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Carl Jung, a littafin da ya fitar a 1921, ya kasa mutane gida biyu: waɗanda hankalinsu ya fi karkata waje, ga jama'a da abin da ke gudana, da waɗanda nasu ya fi karkata ciki, ga tunani. Bai ce wani ya fi wani ba, ya kuma ce ba mutumin da yake zallan wannan ko zallan wancan. A 2012 wata Ba'amurkiya, Susan Cain, wadda da lauya ce a birnin New York, ta rubuta littafi mai suna Quiet, tana kukan cewa makarantu da ofisoshin ƙasarsu duk an gina su ne don masu faran-faran, alhali a ƙiyasinta kashi ɗaya cikin uku har zuwa rabin mutane masu shiru-shiru ne. Ta kuma bambanta wannan hali da jin tsoron mutane. Nan na tuna Yaya, domin ba tsoron kowa take ji ba, na ga ranar da ta tsare wani ƙaton direba a kan kwali biyu da suka ɓace, ba hayaniya ba zagi, har sai da ya fito da su. Taro ne kawai yake gajiyar da ita kamar yadda zaman kaɗaici yake gajiyar da ni.

A 2020 kuma wasu masana a Amurka suka tara ɗalibai rukuni-rukuni, suka ba su aiki su yi tare, daga baya aka ce kowa ya faɗi wanda yake gani shi ne shugaba. Sai aka ga wanda ya fi daɗewa yana magana shi ya fi samun ƙuri'a, ko da bai fi sauran basira ba, kuma maza sun fi mata samu. Kakanninmu ba su tara ɗalibai ba, amma tuni suka ce dokin mai baki ya fi gudu. Wani malamin jami'a kuma, Adam Grant, shi da abokan aikinsa sun bincika shagunan sayar da wani abinci da ake kira fiza, suka fitar da sakamako a 2011. Inda ma'aikata 'yan jiran umarni ne, shugaba mai baki ya fi kawo riba. Inda kuwa ma'aikata masu kawo shawara ne, shugaba mai shiru-shiru ne ya fi, saboda shi yana saurara, mai bakin kuwa muryarsa ce take danne tasu.

Na taɓa kawo wa yayana wannan zance, shi da ya shekara ashirin yana aikin gwamnati. Ya ce, "Ke dai kin cika tausayi. Oga boka ne da zai san abin da ke cikin mutum? Ta iya rubuta takarda, me ya hana ta kai wa manaja? Wanda ya ƙi faɗin ciwonsa ai ba ya zargin likita." Na ce, "Yaya, a nan ka yi gaskiya." Domin ba zan wanke ta tas ba. Marainiyar 'ya'ya huɗu ce, mijinta ya rasu, ƙarin albashin nan abincin yaran ne, kuma kawaicin da zai sa ka bar haƙƙin marayu ya wuce ta gabanka ban iya kiransa alheri zalla ba. Shimfiɗar fuska ma ta fi ta tabarma, mai shiru-shiru bai kamata ya mai da halinsa katanga ba har abokin aiki ya ji shakkar tunkararsa.

Sai dai na ce masa, ita nauyin kanta kawai ke wuyanta, shi kuwa manaja mudu aka damƙa masa. Albashi da ƙarin girma ai awo ne. Matar da ke sayar da gero in ta cika wa mai yi mata hira mudu har yana zuba, ta shafe wa wanda ya miƙo kuɗi bai ce komai ba, kowa ya san sunan abin da ta yi. Gaskiya ne oga ba boka ba ne, amma littafin sito yana nan, shekara tara ba a taɓa kama kuskure a ciki ba, kuma da ya buɗe shi sau ɗaya da ya ga rubutun wa ne. Ba mugunta ce ta hana shi ba, lalaci ne. Mai baki shi yake kawo maka kansa har tebur, mai shiru kuwa sai ka tashi ka je ka duba. Ga shi kuma aikin irin su Yaya kamar gishiri yake a miya, ba mai tuna shi sai ran da babu. In ta yi aikinta daidai, abin da zai faru shi ne ba abin da zai faru: kaya ba su ɓace ba, lissafi bai rikice ba, to wa zai miƙe a mitin ya ba da labarin abin da bai faru ba?

Shi kansa mitin ɗin ma don irinmu aka yi shi. A jefo tambaya, a jira ɗan ƙiftawar ido, wanda ya riga buɗe baki shi ne mai hankali. Ni ina magana ne sannan in san abin da nake tunani. Yaya kuwa tunaninta dahuwar ganda ce, sai washegari za ta zo da amsa a rubuce, a lokacin an riga an yanke shawara an wuce. Da ana faɗa mana abin da za a tattauna tun ana gobe, ko manaja ya kira sunanta ya ce, "Hajiya, ke da ke sito me kika gani?" ya kuma haƙura ya jira ta, da an ji abin da ya fi nawa amfani. A maimakon haka sai a ce ta gyara halinta ta riƙa sakin jiki, kamar bahagon da ake bugun hannunsa don ya koma dama. Ni dai ba a taɓa kirana an ce in koyi yin shiru ba.

A 2016 abubuwa suka taɓarɓare, dala ta yi tashin gwauron zabo, kaya suka yi tsada, ciniki ya ja baya. Alhaji ya ce a rage mutum uku a ofis. Ina jin manaja da akanta suna shawara, domin teburina yana jikin ƙofarsu. Aka ambaci wani, aka ce a'a, wannan sai ya tara mana jama'a. Aka ambaci wata, aka ce ƙanwar matar wane ce. Da aka zo kan Yaya sai akanta ya ce, "Ita dai ba za ta ba mu matsala ba." Wannan kalma har yau tana kunnena. Ba wanda ya ce aikinta ya gaza. Zaluntarta ce ta fi araha, shi ya sa aka zaɓe ta.

A wannan karon na yi magana. Na shiga na ce, "Yallaɓai, maganar madarar nan ta bara fa ita ce ta gano." Ya dube ni ya ce, "To me ya hana ki faɗa a lokacin?" Ban sami amsa ba. Ni na buga takardar sallamar. Ta karɓa da hannu biyu, ta karanta, ta ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, ta ƙarasa shigar da kayan ranar a littafi, ta miƙa makullai. Kamfani bai rushe ba, kada in yi muku ƙarya irin ta littattafanmu. An ɗauko wani yaro da rabin albashinta, aka yi wata uku ana rigimar lissafi, daga baya aka ƙara masa mataimaki, aka ci gaba. Ni ma shekara ɗaya na ƙara na bari, na koma ga rubutuna.

Sai a 2022 na sake ganinta, a Kantin Kwari, na je sayen atamfar sallah. Tana zaune a ƙuryar shagon wani ƙaninta da littafi a gabanta, ashe ita ke riƙe masa lissafi. Na zauna na yi ta zuba, na ba ta labarin ranar Litinin ɗin nan tun daga farko, na ce Yaya ki yafe mini, na yi kuka har mai shagon ya miƙo mini ruwa. Ta bari sai da na gama, sannan ta ce, "Haba ƙanwata, ai ya wuce. Ina yaran?"

Har na miƙe zan tafi sai ta ce ta karanta littafina na biyu, 'yarta ce ta kawo mata. Gabana ya faɗi, na tsaya ina jiran in ji ko yabo ko suka. Ta ce, "Ya yi daɗi. Sai dai akwatunan lefen yarinyar nan, a farko kin ce goma sha biyu ne, da aka zo mayarwa bayan an fasa auren sai na ga goma. Ina biyun suka shiga?"

Da na koma gida na ɗauko littafin na duba. Mutum uku ne suka karanta mini shi kafin a kai maɗaba'a, ni kuma na bi shi ya fi sau biyar. Goma ne.